Samuel Ajayi Crowther: Yaron Da Aka Musanya Da Doki, Ya Zama Bishof Na Kogin Kwara

  Yau za mu bar ƙasar Katsinar Maraɗi da Gobir mu gangara kudu, bakin kogin Kwara, mu ɗauko tarihin wani Bayarabe mai suna Samuel Ajayi Crowther, wanda ya rasu a Ikko ranar ƙarshe ta shekarar 1891. Shi ne baƙar fata na farko da ya zama bishof a cocin Angilikan.

Angilikan ita ce cocin ƙasar Ingila. A nan wajenmu ba a san ta sosai ba, amma wanda ke shiga Kano ko Kaduna ko Wusasa ta Zariya ya ga gine-ginenta. Bishof kuwa shi ne babban limamin coci na yanki guda. Shi ke naɗa limamai, ya rarraba su garuruwa, ya tsawata wa wanda ya karkace.

Wani zai ce me ya haɗa ɗan kasuwar Agye ko Gazawa ko Gidan Rumji da limamin Kiristan Ikko? Abin da ya haɗa su kasuwa ce. A kasuwa aka sayar da shi yana yaro. Da ya girma ya taimaka aka buɗe wa jiragen fatauci hanyar Kwara. Da ya tsufa kuma, guguwar da ta kori ƙananan ƴan kasuwa daga kogin ita ce ta tumɓuke shi.

Daga hannu zuwa hannu

An haifi Ajayi wajen 1809 a garin Oshogun, ƙasar Oyo. A 1821, lokacin Ɗan Kasawa bai daɗe da kafa sarauta a Maraɗi ba, daular Oyo tana wargajewa, yaƙi ya game ƙasar Yarabawa. Wata safiya, mata na shirin kalaci, mahara suka kewaye garin. Ajayi da kansa ya rubuta daga baya cewa rundunar haɗin gambiza ce ta Yarabawan Oyo musulmi da Fulani da bayin da suka gudu daga iyayen gijinsu. Aka kama shi da uwarsa da ƙannensa, aka sa masu igiya a wuya, aka cinna wa garin wuta. Mahaifinsa ya fita wajen faɗan, bai ƙara ganinsa ba.

Shekarunsa kamar goma sha biyu. Da aka raba ganima sai wanda ya same shi ya ba da shi a karɓo doki. Bayan wata biyu dokin bai yi wa mai shi ba, aka warware ciniki, aka maido yaro kamar yadda ake maido atamfar da ta zuba. Daga nan aka kai shi kasuwar Ijaye, wata ƴar kasuwa ta saye shi. Da ya ji ana shirin tafiya da shi wajen Turawa a bakin teku sai ya daina cin abinci, har ya nemi ya shaƙe kansa. Uwar gijiyar ta ga kayanta zai lalace a hannu, ta yi maza ta rabu da shi. A wani cinikin, da taba da barasa aka biya kuɗinsa. Haka ya yi ta wucewa hannu zuwa hannu har Ikko, inda ƴan Fotugal suka saye shi suka sa masa mari.

Ranar 7 ga Afrilu 1822 aka loda su cikin jirgin ruwa, mutum kusan 190. Ingila ta riga ta hana fataucin bayi tun 1807, jiragen yaƙinta suna sintiri a teku. Jirgin bayin bai yi nisa ba suka tare shi. Yaran ba su san ceto ne ba. Da suka hau jirgin Ingilishi suka ga naman alade a rataye da tarin harsasan igwa, sai suka ɗauka nama da kawunan ƴan uwansu ne. Cikin watan Yuni aka sauke su a Firitawun, ƙasar Saliyo, inda ake tara bayin da aka ƴanta.

Karatu a Saliyo

A Saliyo ya faɗa hannun ƴan mishan na ƙungiyar CMS, reshen cocin Ingila mai yaɗa addini a ƙasashen waje. Cikin wata shida ya iya karanta Linjila da Ingilishi, ya kuma koyi aikin kafinta. Ranar 11 ga Disamba 1825 aka yi masa baftisma, ya ɗauki sunan wani limamin coci na Landan, Samuel Crowther, amma bai yar da sunan da uwarsa ta sa masa ba. A 1827 aka buɗe kwalejin Fourah Bay, sunansa ne na farko a rajista. Ya auri wata yarinya da ita ma aka ceto daga jirgin bayi, Asano, wadda aka raɗa wa Susan. Sun zauna tare shekara hamsin.

Yana malamin lakwal a can ne wani abu ya faru da ya gyara masa hali. Wani yaro musulmi ya zo aji da laya a wuya, Ajayi ya tsinke ta. Uban yaron ya zo a fusace. Ajayi ya ce a tara malamai a yi muƙabala, ya zo da littattafansa yana ganin zai kayar da su. Dattawan suka ƙi jayayya, suka faɗi abin da suka yi imani da shi, suka tsaya nan. Ya koma gida bai ja ko mutum ɗaya ba, sai dai ƙiyayyar da ya sayo. Ya ce daga ranar ya gane gardama ba ta sayen zuciya, kuma da wannan darasi ya yi mu'amala da musulmi har ƙarshen rayuwarsa.

Tafiyar Kwara ta farko

A 1841 gwamnatin Ingila ta aiko jirage uku masu hayaƙi su shiga Kwara. Dabarar masu shirin ita ce, in sarakuna suka samu riba a manja da auduga da haƙorin giwa, za su bar sayar da mutane. CMS ta sa mutum biyu cikin tafiyar, Ajayi da wani Bajamushe mai suna James Schön. Jirgi ɗaya ya kai har Eggan a ƙasar Nufe. Amma zazzaɓi ya faɗa wa Turawa: cikin kusan 150, mutum arba'in ko fiye suka mutu. Ajayi ya dawo lafiya da littafin tafiya a rubuce.

Abu biyu suka fito daga wannan tafiya. Na farko, Schön ya lura cewa ko'ina suka tsaya ana samun mai jin Hausa, sai ya duƙufa kanta, ya buga littafin kalmomin Hausa a 1843. Na biyu, shugabannin CMS suka gane cewa in aiki zai yiwu a kogin, sai da baƙar fata. Aka kira Ajayi Landan, bishof na birnin ya naɗa shi limamin coci a 1843. A shekarar ya buga littafin kalmomin Yarabanci.

A 1846 ya isa Abekuta tare da wani Bature, Henry Townsend. Bai yi wata guda ba aka zo masa da wata tsohuwa. Uwarsa ce, Afala, bayan rabuwar shekara ashirin da biyar. Ita ma ta sha bauta, an kai ta kasuwa, an fanshe ta. Ya samu ƙannensa mata su ma. Tsohuwar ta koma hannunsa, ta rayu har 1883.

A Abekuta ya fara babban aikinsa, juya Littafi Mai Tsarki zuwa Yarabanci. Yakan zauna da dattawa, masu bautar gargajiya da musulmi, yana sauraren yadda suke magana, yana rubuta karin magana. Bai ƙyamaci kalmomin da musulmi suka shigo da su ba. Limamin coci ya kira shi alufa, sunan da Yarabawa ke kiran malami. Roƙon Allah kuma adura, wato addu'armu. A 1862 gobara ta cinye gidansa na Ikko da takardun da ya yi shekara goma sha ɗaya yana tarawa, ya sake daga farko. An kammala littafin a 1884, da hannunsa da na wasu.

Akwai wani abu da ya kamata mu faɗa. A 1851 an kai shi gaban Sarauniya Biktoriya da manyan gwamnati, ya bayyana masu yadda Sarki Kosoko na Ikko ke cinikin bayi. A ƙarshen shekarar jiragen Ingila suka yi wa Ikko ruwan wuta, suka tuɓe Kosoko. Bayan shekara goma suka riƙe garin gaba ɗaya. Ajayi ya yi murna, don ya san kurkukun bayin Ikko da jikinsa. Amma ƙofar da aka buɗe ranar ba ta sake rufuwa ba.

Inda tarihin ya taɓo ƙasarmu

A watan Janairu 1851 wani Bajamushe matafiyi, Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya bi ta Tasawa da Gazawa zuwa Katsina da Kano. Abokin tafiyarsa Overweg ya nufi Maraɗi da Tsibiri. Da labarin Barth ya yanke, Ingila ta aiko jirgi a 1854 ya bi Binuwai ko a dace da shi, ƙarƙashin likita William Baikie, Ajayi na ciki. Ba su gamu da Barth ba, amma sun dawo da abin da ya fi: kowa ya riƙa shan kinin kullum, ba wanda ya mutu. Tun daga nan kogin ya buɗe wa Bature.

Barth ya koma Ingila a 1855 da yara biyu da Overweg ya ƴanta. Ɗayansu Dorugu ne, Bahaushe ɗan wajen Kance a ƙasar Damagaram, wanda shi ma aka kama aka sayar yana ƙarami. Dorugu ya zauna gidan Schön yana ba shi labarai da tatsuniyoyi. Da bakinsa Schön ya gyara Hausarsa, ya buga nahawu a 1862, ƙamus a 1876, da littafin Magana Hausa a 1885. Ke nan cikin Hausar farko da aka buga da boko akwai kaso babba na yaron ƙasarmu. Dorugu ya rasu a Kano a 1912.

A 1857 aka ba Ajayi jagorancin mishan ta Kwara, wadda ma'aikatanta duka baƙar fata ne, yawancinsu ƴantattun Saliyo da ɗiyansu. Ya ajiye wani limami ɗan asalin Ibo, John Taylor, a Onica, shi kuma ya wuce arewa tare da Baikie da niyyar su kai ga Sarkin Musulmi a Sakkwato. Jirginsu ya daki dutse kusa da Jebba ya nutse. Sun yi kusan shekara a bakin kogi suna jiran wani. Ajayi bai zauna banza ba. Ya riƙa zuwa Raba, mashigin da ayarin fatake daga Kano ke ƙetarewa zuwa Ilori, yana kallon jakai da kaya, yana koyon Nufanci, yana ƙara Hausa. Nan ya tabbatar cewa wanda ya riƙe Hausa ya riƙe hanyar arewa. Sakkwato da Kano dai bai taɓa taka su ba har ya mutu.

Naɗin bishof

Sakataren CMS na lokacin, Henry Venn, yana da ra'ayin cewa cocin Afirka ta ciyar da kanta, ta mulki kanta, Bature ya yi aikinsa ya wuce. Shi ya matsa a naɗa Ajayi. Ajayi ya yi ta noƙewa. Townsend, abokin aikinsa na Abekuta, ya rubuta Landan cewa mutane ba za su girmama baƙar fata kamar Bature ba, su ma Turawa ba za su zauna ƙarƙashinsa ba.

Duk da haka, ranar 29 ga Yuni 1864 aka naɗa shi a babbar cocin Kantabari, jami'ar Oxford ta ba shi digirin girmamawa. Cikin taron akwai Henry Leeke, kyaftin ɗin jirgin da ya cece shi shekara arba'in da biyu baya, da matar da ta koya masa baƙaƙe a Saliyo. Sai dai an yi wa sarautar gatse. Yankinsa shi ne ƙasashen Afirka ta Yamma da ke wajen mulkin Sarauniya, Turawan mishan na Ikko da Abekuta kuwa aka bar su ƙarƙashin bishof Bature na Saliyo. An ba shi rawani, an hana shi rabin gari.

Aikin kogin ba wasa ba ne. Ba shi da jirgin kansa, sai ya roƙi wuri a jirgin ƴan kasuwa, sau ɗaya a shekara in ruwa ya cika. Kuɗi kaɗan ne. Duk da haka ya kafa tashoshi a Lakwaja da Boni da Biras da wasu garuruwa, kowace da lakwal. Yakan sa sarakuna su biya rabin kuɗin ginin, don ya san abin da mutum ya sa kuɗinsa ciki ba ya barinsa ya rushe. A 1867 wani basarake mai suna Abokko ya kama shi da ɗansa Dandeson a bakin kogi, ya ce sai an biya fam dubu kan kowanensu. Bishof ya ƙi a biya, don in aka fara sa wa ma'aikatan mishan kuɗi, kowane mai kwalekwale zai mai da su haja. Mataimakin jakadan Ingila na Lakwaja, William Fell, ya zo ya ƙwace su, amma kibiya mai dafi ta same shi ya mutu.

Zamansa da sarakunan musulmi

Daga Lakwaja zuwa sama ƙasar Etsu Nufe ce, mai biyayya ga Gwandu. Ba a kafa rumfa ko a ɗaure jirgi sai da yardarsa. Bishof Ajayi ya riƙa zuwa Bida gaida Etsu Masaba, wanda ya yi sarauta daga 1859 zuwa 1873, yana kai masa gaisuwa da saƙon gwamnatin Ingila. Yakan ba sarakuna da malamai Littafi Mai Tsarki na Larabci. Ya hana ma'aikatansa zagin addinin musulunci ko neman gardama a kasuwa. Magajin Masaba, Umaru Majigi, ya ba shi fili a Kipo, kusa da Eggan, kan hanyar fatake.

A 1872, yana komawa Ikko ta ƙasa, ya tsaya Ilori. Sarki ya tara malamai a fada, aka yi masa tambayoyi kan Annabi Isa, haihuwarsa da matsayinsa da dawowarsa. Kowace tambaya sai ya buɗe littafinsa ya karanta wurin da ya dace da Yarabanci, bai ƙara nasa ba, bai taɓa addinin masu gida ba. Da sarki ya nemi ya yi masa addu'a, sai ya ɗauko wadda ake yi wa Sarauniya a coci ya sa sunan sarki a wurin nata. Ba wanda ya sake addini a zauren, ba kuma wanda ya tashi da fushi.

Amanar da ya samu ta fito fili a tsakiyar shekarun 1880. Jiragen Turawa sun cika kogin da kwalaben giya mai arha, ana ba da ita a karɓi manja da man kaɗe. Etsu Maliki na Nufe ya aika wa bishof takarda yana kukan cewa barasa ta lalata masa ƙasa, ta haukata mutanensa, yana roƙon a kai kukan gaban Sarauniya a hana shigo da ita. Sarki musulmi ya rasa wanda zai aika sai limamin Kirista, don ya san ba zai ci saƙon ba. Bishof ya isar, aka buga takardar a Ingila, masu yaƙi da cinikin giya suka riƙa kafa hujja da ita. Wanda aka taɓa biyan kuɗinsa da barasa ba ya bukatar a yi masa bayanin sharrinta.

Yadda aka ture shi

Henry Venn ya rasu a 1873, bishof ya rasa bango. Kogin ma ya sake. Da, ƴan Saliyo da ƴan Ikko ne wakilan kamfanonin Turawa, wasu kuma suna cinikin kansu. Har ɗan bishof, Josiah, yana cikin manyan wakilan. A 1879 wani Bature, George Goldie, ya haɗe kamfanonin Ingila na kogin suka zama ɗaya. A 1886 Sarauniya ta ba kamfanin, Royal Niger Company, takardar izinin mulki. Ya sa kuɗin lasisi da kuɗin fito da ƙaramin ɗan kasuwa ba zai iya biya ba, baƙar fata suka yi ta fita daga cinikin. Kinin ya sa Bature ba ya tsoron kogin, saboda haka ba ya bukatar ɗan tsakiya.

Abin da ya faru a kasuwa shi ya faru a coci. Da aka samo wa mishan jirgin kanta a 1878, sai aka damƙa jirgin da asusu a hannun Bature. Aka fara aika rahotanni Landan kan ma'aikatan bishof, ba tare da an nuna wa waɗanda ake zargi abin da aka rubuta ba. Gaskiya akwai ɓaraka. Wasu ma'aikatan sun fi ba ciniki ƙarfi, wasu na sha. A Onica an yi wa wata yarinya dukan da ya kashe ta a gidan ma'aikatan mishan, shari'ar ta kai kotun Saliyo. Bishof yana zaune Ikko, nesa da tashoshinsa, kuma mutum ne mai jinkirin hukunci, ba ya korar ma'aikaci sai da shaida. Amma maimakon a ware ruɓaɓɓen goro, sai aka ce huhun duka ya ɓaci.

A 1890 wasu samarin Turawa suka iso Lakwaja ƙarƙashin Graham Wilmot Brooke da John Alfred Robinson. Burinsu ƙasar Hausa. Suka sa riga da rawani, suna ganin cikin ɗan lokaci za su kai Kano. Brooke shekararsa ashirin da biyar, bishof ya kai tamanin. A watan Agusta aka yi taron kwamitin kuɗi a Onica. Samarin suka tuhumi limaman da bishof ya naɗa da hannunsa, suka dakatar da su a gabansa, har da ɗansa Dandeson. Da ya ce wannan hurumin bishof ne, sakataren kwamitin ya nuna masa cewa ikon Landan na hannunsa. Tsohon ya ajiye shugabancin kwamitin. Kafin ƙura ta lafa, mafi yawan ma'aikatansa baƙar fata an kore su ko an dakatar da su.

A cikin wannan wata na Agusta 1890 ne Ingila da Faransa suka sa hannu kan takardar da ta ja layi daga Sayi zuwa Barwa a bakin tafkin Cadi, wadda ta zama mafarin iyakar da ta raba Maraɗi da Katsina. Ba a tambayi Sarkin Katsina ba, ba a tambayi Sarkin Gobir ba. Zamanin shawara da baƙar fata ya wuce, a fada da kasuwa da coci.

Rasuwa da abin da ya biyo baya

A tsakiyar 1891 ciwon shanyewar jiki ya kama bishof. Ya rasu a Ikko ranar 31 ga Disamba 1891. Samarin da suka ture shi ba su kai Kano ba: Robinson ya riga shi mutuwa a Lakwaja a watan Yuni, Brooke ya bi a watan Maris 1892. Cocin Boni da maƙwabtanta suka ce sun gaji, suka ware a 1892 ƙarƙashin Dandeson, suna biyan limamansu da kuɗin aljihunsu.

Kujerarsa Bature aka ba. Na farkon ya mutu da isowarsa, sai Herbert Tugwell ya hau a 1894. Shi ne ya jagoranci ayarin da ya shiga Kano a 1900, Sarki Alu ya ba su kwanaki kaɗan su fice. Sun tafi ba tare da neman izini ba, abin da Ajayi bai taɓa yi wa sarki ba. Likitan ayarin, Walter Miller, shi ya zauna Zariya daga baya, daga aikinsa Wusasa ta fito. An naɗa baƙar fata mataimakan bishof, amma ba a sake ba wani cikakken yanki a Najeriya ba sai 1952, shekara sittin bayan rasuwar Ajayi.

Daga baya aka tone ƙasusuwansa daga maƙabartar Ajele aka mai da su harabar babbar cocin Ikko. A 2005 aka buɗe jami'a da sunansa a Oyo. A 2014, cikar shekara 150 da naɗinsa, shugaban cocin Ingila na lokacin, Justin Welby, ya tsaya a Kantabari ya nemi gafara kan abin da aka yi masa. Masu zuwa Jibiya da Kano kuwa sun daɗe suna riƙe jininsa a aljihu: mai gashin bakin nan da ke jikin naira ɗaya, Herbert Macaulay, jikansa ne ta wajen ɗiyarsa Abigail. Shi ya kafa jam'iyyar siyasa ta farko a Najeriya a 1923, kuma a Kano ciwon ajali ya kama shi a 1946, yana yawon neman ƴancin ƙasa.

Masana tarihi har yau suna muhawara a kansa. Wasu na ganin ya yarda da Turawa fiye da kima, ya share masu hanyar da suka bi suka mallake ƙasa. Wasu na ganin wanda jirgin Ingila ya cire wa mari ba za a zarge shi don ya yi masu kyakkyawan zato ba. Abin da ba a jayayya a kai shi ne haƙurinsa, da riƙon amanarsa, da yadda ya zauna da sarakunan musulmi shekara talatin ba a ji kansu ba, kowa na kan addininsa.

Mu a namu ganin, iyayenmu ƴan kasuwa sun fi kowa gane inda aka kayar da shi. Shi ya san hanya, shi ya san harshe, shi sarakuna suka yarda da shi, amma jirgi da asusu na hannun wani. Duk wanda ya taɓa yi wa mai jari dillanci shekara da shekaru, ranar da mai jari ya gane hanya ya sallame shi, ya san abin da tsohon nan ya ji a Onica. Shi ya sa in ƙungiyar ƴan kasuwa ko ta mata masu adashi ta samu mai tallafi daga waje, ya kamata tun ranar farko a san wa ke riƙe da makullin akwati.